Yadda zaka sa filash ta riƙa buɗewa da kanta a Xfce da LXQt

To jama'a, masu tsohuwar laftof irin tawa mai RAM 2GB da muka saka wa Linux mara nauyi don ta daina tafiyar hawainiya, wannan naku ne. Ranar nan wani ƙanina ɗan UniJos ya kawo min tashi har gida a Unguwar Rogo, wai filash ɗinshi ta mutu, ya soka a jiki shiru babu abinda ya fito. Ashe lafiyarta ƙalau, Debian ya saka da Xfce tsirara, abubuwan da ke gane filash ɗin ne ba'a saka ba.

A Xfce, wato fuskar Linux mara nauyi, abu uku ake buƙata, buɗe tamina (Terminal, inda ake rubuta umarni) ka rubuta:

sudo apt install gvfs udisks2 thunar-volman

Sai ka fita daga akawun ɗinka (log out) ka sake shiga. Ka je Settings, ka nemi Removable Drives and Media, ka sa alama a Mount removable drives when hot-plugged, sannan a cikin Thunar, manhajar duba fayil ta Xfce, ka shiga Preferences, Advanced, ka kunna Enable Volume Management, nan ne yawanci mutane ke mantawa suyi ta zagin Linux a banza. In Lubuntu kake, mai amfani da LXQt, manhajar duba fayil ɗinshi PCManFM-Qt na da shafin Volume a Preferences, can zaka kunna. Masu Openbox ko i3 kuwa ku saka udiskie, ku sa udiskie -t ya riƙa tashi da kwamfutar, zai baku ɗan alama a gefen agogo.

Filash ɗin zata bayyana a /media/sunanka ko /run/media/sunanka, ya danganta da irin Linux ɗinka.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Linux in ka kwafa fayil mai girma, layin nan da ke nuna yadda kwafin ke tafiya na iya cika ya nuna maka an gama alhali wani ɓangaren yana cikin RAM bai sauka kan filash ba tukuna, musamman irin filash masu arha da ake saidawa a tire wajen Taminus, rubutunsu a hankali yake. Kai kuma kana sauri zaka kai firintin, ka fizge, ka isa bizines senta a ce maka fayil baya buɗewa. Ni dai da ya taɓa faruwa da ni ana gobe zan miƙa aiki, tun daga ranar ban ƙara ba. Danna Eject ka jira saƙon da zai ce zaka iya cirewa, ko da zai ɗauki minti biyu. In ta tamina ne, lsblk zai nuna maka sunanta, misali sdb1, sai:

udisksctl unmount -b /dev/sdb1
udisksctl power-off -b /dev/sdb

In ya ce target is busy, akwai fayil ko tamina da ke buɗe a cikinta, rufe su ka sake.

Maganar fomat kuma, FAT32 baya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB, shi yasa bidiyon biki ke ƙin shiga duk da akwai fili. Maida ita exFAT, Windows na karantawa, sabbin kanel (wato zuciyar Linux) ma haka, ka saka exfatprogs don yin fomat ɗin, amma fa ka kwashe kayanka tukuna don komai zai goge. Had disk na waje mai NTFS in ya ƙi karɓar rubutu, saka ntfs-3g, in still ya ƙi to wataƙila an cire shi daga Windows babu Eject, maida shi can ayi mishi chkdsk, umarnin Windows na gyara disk.