Yadda nake gane ciwon ido a jikin talibamban

Talibamban da nake kiwo a tankin gilashi daga hannun wani masunci a Yawuri na same shi, lokacin bai wuce tsawon yatsa ba. Shi ne wanda masana ke kira Tetraodon lineatus, ana samunsa a kogin Kwara da Nilu da tafkin Chadi, kuma yakan kai santimita 40. Kifi ne mai farauta da ido: kowane ido juyawa yake shi kaɗai, ɗaya na kallonka, ɗaya na harin katantanwa. Shi ya sa da zarar idon ya samu matsala, wurin cin abinci ake fara ganewa. Ka jefa masa abinci ta dama, sannan ta hagu. In ya kai cafka ya kuskure, ko sai ya juya jikinsa duka kafin ya gani, to akwai magana.

Da dare nake dubawa. In kashe fitilar ɗaki, in haska tocila ta gefe, ba kai tsaye cikin idon ba. Abin da nake fara tambayar kaina: ido ɗaya ne ko biyun?

In ɗaya ne ya yi hazo ko ya kumbura, galibi rauni ne. Ko ya firgita ya bugi dutse, ko abin da ya kai wa hari ya yakushe shi, musamman ƙaguwa. Irin wannan yakan washe cikin mako ɗaya zuwa biyu muddin ruwan na da tsabta. In biyun ne, ka daina kallon kifin, ka koma kan ruwa. Nan na taɓa yin wauta. Aka ɗauke wuta kwana biyu, filta, wato na'urar tace ruwa, ta tsaya, na wayi gari idanun nasa sun yi fari-fari kamar an shafa koko. Na bazama neman magani, alhali da na gwada ruwan tun farko da na ga amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, ce ta hau. Talibamban mai ɓarnar abinci ne, guntun nama da ɓawon katantanwa suna ruɓewa a ƙasan tanki. Amoniya da naitirait (gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama) dole su zama sifili, zafin ruwa kuma tsakanin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Celsius. Na riƙa canza sulusin ruwan kullum, ina cire wa ruwan famfo sinadarin kulorin kafin in zuba, sai hazon ya tafi da kansa.

Sai ka lura da inda farin yake. In a saman idon ne kamar yana, to fatar ido ce ta ƙone ko ta kurje. In can ciki ne, a tsakiyar baƙin, lamarin ya bambanta: akwai wata tsutsa da ke bi ta jikin tsuntsu zuwa katantanwar ruwa, daga nan ta shiga idon kifi. Dalilin da ya sa na daina ɗebo katantanwa daga kududdufi ke nan, yanzu a bokiti nake kiwon tawa. Ɗigon fari kamar gishiri a ido da fiffike kuwa ƙwayar cutar fata ce. Ido ya faɗa ciki, ciki ya shafe, yana ci amma ba ya ƙiba: tsutsar ciki nake zargi. Wani sheƙi da ke bayyana a idon in haske ya bugi gefensa kada ya tsorata ka, halittarsa ce.

Idon da ya fito waje sosai, nakan sa gishirin Epsom (na magani ne, ba na miya ba) babban cokali ɗaya a kowace lita 20 ta ruwa don rage kumburi. In biyun suka fito, ga ja-ja kamar jini, ya kuma ƙi abinci, wannan sai likitan dabbobi. Kada ka zuba maganin da ke da jan ƙarfe a ciki, domin kifin ba shi da ɓawo a jiki, ba ya jurewa.

In za ka ware shi a wani tanki, kada ka ɗaga shi da raga. Yana fita iska zai haɗiye ta ya kumbura, kuma fitar da ita wahala ce. Roba nake nutsawa cikin ruwan in kora shi ciki, ina kiyaye yatsuna, don haƙoran nan huɗu da ke fasa katantanwa ba su san mai gida ba.