Kurakuran da aka fi yi wajen ba yara maganin masassara

Da damina ta kankama a Maradi, da wuya ka shiga gidan da babu farasitamol. Magani ne mai amfani, amma yadda muke ba yara shi yana damuna ƙwarai.

Babban kuskure shi ne a ga jiki ya yi sanyi a ce yaro ya warke. Farasitamol zafi kawai yake saukewa, ba ya kashe cutar cizon sauro. A ba shi da safe ya tashi wasa, da la'asar jiki ya sake gashewa, a ƙara masa, har kwana uku, jininsa kuwa yana ta ƙarewa. Ranar da masassara ta kama shi, a ranar za a kai shi CSI, wato ƙaramin asibiti, a yi masa gwajin jinin yatsa. Jaririn da bai kai wata 3 ba, da mai jijjiga, da wanda ya kasa kama nono ko yake amayar da komai, waɗannan a wuce da su likita nan take.

Sai awo. Da nauyin yaro ake auna magani, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, kuma kilonsa na rubuce a karnensa na awo, wato ɗan littafinsa na asibiti. Mai kilo 10, in siro ɗin, wato farasitamol na ruwa, mai miligiram 120 ne cikin mililita 5, mililita 5 ya ishe shi. A duba kwalba dai, domin ƙarfin siro ba ɗaya ba ne, kuma a auna da ma'aunin da ya zo cikin kwalin, cokulan gida kowane da girmansa. Tsakanin sha da sha awa 6, kada ya wuce sau 4 a kwana. Masu raba ƙwayar manya ta 500 biyu su sani rabin nan ya yi wa mai kilo 10 yawa, kuma hanta yake ci. Wasu magungunan mura ma da farasitamol a cikinsu, in aka haɗa an ninka ke nan.

Asfirin ba na yara ba ne sam. Ibuprofen kuma a guje shi in yaro na zawo da amai, domin jikin da ruwa ya ƙare a ciki ƙodarsa ba ta jure shi.

Maganin tallar tire da ya wuni cikin rana a bakin kasuwa, don Allah a bar shi, a saya a farmasi, a duba ranar lalacewarsa.