Darasi na 7: Shan maganin kuturta ga mai ciwon ƙoda

To jama'a, kowa ya ɗauko katin maganinsa ya riƙe a hannu. Kati ɗaya na kwana 28 ne, kyauta ake ba da shi a asibiti, ba a saye. Layin sama na ranar farko ne, wanda ake sha a gaban ma'aikacin lafiya. Sauran ramukan, kullum ƙwaya 2: mai ruwan ƙasa sunanta clofazimine, ƙaramar fara kuma dapsone, an rubuta 100. Ku sa yatsa a kan farar. Yauwa, ita ce maganarmu yau.

Ƙoda ce ke fitar da ragowar dapsone ta fitsari, to in ƙodar ta yi rauni sai maganin ya daɗe a jiki, kuma dama dapsone tana rage jini, shi kuma mai ciwon ƙoda jininsa da ma ba yawa gare shi ba. Shi ya sa tun ranar farko za ka faɗa wa likita kana da ciwon ƙoda, shi zai auna jininka ya ce ko a rage ko a bar ta yadda take.

Yanzu ga inda kowa ke tuntuɓe. Ranar wankin ƙoda, na'urar tana wanke maganin tare da datti. Don haka sai BAYAN an sauke ka daga na'ura za ka sha farar. Bayan wanki, ba kafin ba. Mu faɗa tare: bayan wanki. Inna, kar ki damu in kin manta a makon farko, kowa haka ya fara. Ki ɗauki biro ki zana da'ira a kalanda kan ranakun wankinki, ki rubuta "bayan" a ciki, haruffa 5 ne kacal, b-a-y-a-n. Ranar da ba wanki, ki sha a lokacin da kika saba.

Amma gaskiya wani abin yana ɓata min rai. Wani dattijo a ajinmu sau uku ina nuna masa, ya ce ai shi da asuba yake shan magani tun tuni, ba zai canja ba. Haba baba! Ka sha da asuba, ƙarfe 9 na'ura ta kwashe, wa ka yi wa? Wasu kuma su raba ƙwayar gida biyu da kansu wai sun ji maƙwabci ya ce. Ba aikinka ba ne. Bayan wanki, na sake faɗa.

Darasi na 8: Launi

Fitsari ja bayan maganin ranar farko aikin rifampicin ne, ɗaya daga magungunan layin sama, zai wuce. Fata ta yi duhu, clofazimine ce. Amma leɓe ya yi shuɗi, ko ido ya yi ɗorawa, ko zazzaɓi da ƙuraje, ko fitsari ya ragu sosai, a tafi asibiti ranar.

Darasi na 9: Ƙirga wata

Wata 6 ko wata 12, likita zai faɗa. Ku ajiye katin da ya ƙare ku kawo aji mu ƙirga.