Yadda ake sauya firjin mota mai ɗaki domin ya jure zafin bazara

Motocin nan masu ɗaki da gado da ake shigowa da su daga Turai, galibinsu suna zuwa ne da firji mai aiki da iskar gas ko lantarki, irin na kamfanin Dometic ko Thetford. Wannan firji ba shi da kwamfureso, wato injin da ke matse iskar da ke kawo sanyi. Zafi ne ke juya ruwan amoniya a cikin bututunsa har sanyi ya samu. An ƙera shi ne domin ƙasashe masu sanyi, saboda haka idan watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, sai ƙarfinsa ya gaza. Kuma ba ya aiki daidai sai mota ta tsaya a wuri mai lebur, abin da ba kasafai ake samu ba a bakin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a. Shawarata ita ce a musanya shi da firji mai kwamfureso wanda ke aiki kai tsaye da batir mai bolt 12.

Kafin a je Sabon Gari sayayya, a auna tsayi da faɗi da zurfin gurbin tsohon firjin, a kuma auna ƙofar motar, domin an sha sayen firjin da ya dace da gurbi amma ya ƙi shiga ƙofa. A duba takardar da ke manne a jikin sabon firjin: harafin T yana nufin an yi shi ya jure zafi har digiri 43, ST kuwa 38, N kuma 32 kacal. Mu nan T ne namu.

Wajen cire tsohon, a fara rufe tukunyar gas, a kwance wayar batir, sannan a sassauta kusoshin da suka riƙe shi. Bakin bututun gas da ya rage dole ne a toshe shi da murfin ƙarfe mai zare, a shafa masa ruwan sabulu, a buɗe tukunyar gas, idan kumfa ta taso to akwai yoyo. Kada a huda bututun tsohon firjin ko da za a kai shi wurin 'yan gwangwan, domin amoniya tana ƙona ido da huhu.

Inda aikin yake da nauyi shi ne batir da waya. Ƙaramin firji mai kwamfureso yana jan kimanin amfiya 4 idan yana aiki, kuma idan a ce yana tashi rabin lokaci, awa 12 ke nan a kwana guda, wato amfiya 4 sau awa 12, amfiya-awa 48. Batir na gargajiya mai amfiya-awa 100 ba a son a ci fiye da rabinsa, don haka kwana ɗaya tak zai ɗauka, a bazara ma bai kai ba. A ware wa firjin batir nasa daban da na tayar da mota, a ɗora farantin sola a kan rufi ya riƙa cika shi. Wanda kuma yake da hali ya sayi batirin litiyam, wanda ake iya cin mafi yawansa ba tare da ya lalace ba.

Ni a kan waya na sha wahala. Wani mai wayarin ya ja mini siririyar waya mai tsawon mita 5 daga batir zuwa firji, sai ya zama da tsakar rana kwamfureso ya yunƙura ya tashi, ya yi ƙara kaɗan, ya mutu, nonon da na sayo a rugar Fulani kuma ya tsinke kafin la'asar. Firjin lafiyarsa lau, wuta ce ke zubewa a hanya. Ƙa'idar da ake bi a bolt 12 mai sauƙi ce: kowace mita ɗaya ta nisa tana buƙatar kaurin milimita murabba'i ɗaya, ma'ana nisan mita 6 sai waya mai kaurin milimita murabba'i 6. A sanya fis mai amfiya 15 kusa da batir, a kuma tabbatar ba a juya jar waya da baƙa ba.

Sai kuma iska. Zafin da firji ya zaro daga cikinsa ta baya yake fita, saboda haka kada kafinta ya like gurbin ruf. A bar ragar ƙasa da ta sama da tsohon firjin ya bari, in da hali a ƙara ƙaramar fanka ta sama. Lokacin hunturu ƙura tana toshe ragar bayan firji, sai a riƙa kakkaɓe ta da burushi mai laushi.

Bayan an zaunar da shi, a ɗaure shi da kusoshi gam saboda gargadar hanyoyin karkara, a sa wa ƙofarsa sakata. Idan a kwance aka ɗauko shi daga kasuwa, a bar shi a tsaye na wasu awoyi kafin a kunna, domin man kwamfureso ya koma mazauninsa. Daren farko a sa masa gorunan ruwa kawai, da safe a auna sanyin cikinsa; tsakanin digiri 3 zuwa 5 ake nema kafin a amince masa da nama ko nono.