Yadda Ake Tono Tarihin Tsohon Shirin Rediyo a Legas

Shirin da ya daɗe yana fita, kamar Amsoshin Takardunku ko Ra'ayi Riga na BBC Hausa, ba a ɗakin ajiyar tasha kaɗai tarihinsa yake ba. A da faifai yana da tsada, tashoshi kan goge tsohon ɗauka su ɗora sabo a kai. Saboda haka abin da ya tsira yakan kasance a hannun masu sauraro: kaset ɗin da wani dattijo ya naɗa da rikodarsa a Agege ko Idi-Araba, ya jefa a akwati ya manta.

Fara da kafa iyaka. Sashen Hausa na BBC ya soma a watan Maris na 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI kuma a 2007, daga nan Legas. Duk wanda ya ce ya ji shirin kafin tashar ta buɗe, ya haɗa shi da wani ne. Tsofaffin jaridu kan buga jadawalin shirye-shirye, don haka a leƙa Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Yaba. In shirin na Rediyon Najeriya ko Muryar Najeriya ne, a kai takardar neman izini gidan rediyo na Ikoyi.

Wajen dattawa, kada ka ce "Baba, a wace shekara aka fara?" Zai ba ka shekara don kada ya kunyata ka. Ka ce, "Baba, lokacin kuna zaune a ina, wa ke mulki?" Amsar mutum ɗaya ba ta isa ba, sai biyu da ba su zauna tare ba sun yi daidai.

Aikin da ya fi cin rai shi ne kaset. Danshin Legas mugun abokin gabarsa ne. Ɗaga shi a haske: in ka ga fari-fari kamar gari a gefen zaren, fumfuna ce, ka ware shi a leda daban, kada ya shiga rikoda, don zai shafa wa sauran. Duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zare a tsakiyar bakin kaset. In ya faɗi, murya za ta fito a dushe, sai a kwance sukurorin a mayar da zaren cikin gidan wani kaset mai lafiya. Ɓalle ƴan haƙoran nan biyu na saman kaset tun kafin komai, domin ko an danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai goge ba. Sannan a tura zaren gaba har ƙarshe, a dawo da shi, ya saki jiki. Kaset mai minti 60 (C60) da mai minti 90 (C90) suna da juriya. Mai minti 120 (C120) zarensa siriri ne, shi ne rikoda ta fi taunewa, kada a matsa daga wurin yana juyawa.

Rikodar da ka saya a kasuwar Alaba, a fara gwada ta da kaset marar amfani. In muryar mai gabatarwa tana jan jiki kamar mai jin barci, bel ɗin roba ya saki, a canja shi. Goge kan rikodar da zare ke bi da auduga da sifirit irin na masu gyaran waya bayan kowane kaset biyu ko uku. Haɗa rikodar da kwamfuta ta waya, ka ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. Ajiye sautin a tsarin fayil na WAV, 44.1 kHz, wanda ke cin kusan megabait 10 a minti ɗaya, wato C90 guda zai kai wajen megabait 900. MP3 na turawa a WhatsApp ne kawai. Idan ka ji gurnani a ƙarƙashin sauti, yawanci wutar janareto ce. Cire cajar kwamfutar ta yi aiki da batiri.

Yawancin kaset ba su da kwanan wata, amma labaran da ke ciki suna tona shekarunsu. In ana lissafi da naira da kwabo, bayan Janairun 1973 ne. Jihar Katsina ba ta wanzu ba sai 1987, Jigawa 1991, Zamfara 1996. In gwamnatin tarayya tana magana daga Dodan Barak, ba a kai Disambar 1991 ba, lokacin da aka koma Abuja. In masu sauraro na aiko da saƙon tes maimakon wasiƙa, an wuce 2001. Alamu biyu ko uku sukan matse kaset cikin shekara biyu. Canjin taken shiri da na mai gabatarwa ma a rubuta su, da mintin da suka fito.

Sunan kowane fayil ya ƙunshi tasha, shiri, shekara da gefen kaset, a sa alamar tambaya inda shekarar ƙiyasi ce. Kwafi uku ake yi, ɗaya a wani gida daban saboda ambaliya da gobara. Kaset ɗin kansa a mayar wa mai shi tare da kwafinsa, a shawarce shi ya jera shi a tsaye cikin roba mai murfi, nesa da lasifika. Sautin kuwa mallakar tasha ne, sai an nemi izininta a rubuce kafin a ɗora shi a intanet.