Mai zuwa Daura yawon buɗe ido, ga shawara

Jama'a in za ku Daura ganin gari, ku saka tafiyar ranar Lahadi, kuma ku ɗauki shatar ɗan acaɓa ɗaya tun daga tasha.

Ku yi ciniki da shi na wuni gaba ɗaya tun kafin ku hau. Sauka nan hau can shi ke cinye kuɗi, kowa ya ga baƙo sai ya ƙara farashi.

Ku fara da rijiyar Kusugu da safe kafin rana ta yi zafi, inda tarihi ya ce Bayajidda ya kashe macijiya, har yanzu akwai ruwa ciki, ku riƙe 'yar gora ku ɗiba da ɗan canji na masu kula da wurin. Fadar Sarki ba nisa, a ƙafa ma za ku isa.

Dalilin Lahadi kuwa, ranar kasuwar Mai'adua ke ci, can bakin iyakar Nijar. Shanu, raƙuma, raguna, wallahi kallo ne kyauta.

Amma fa lokacin Sallar Gani wannan dabarar ba ta ci. Gari cike yake maƙil, ba mai yarda da shata sai da tsada. Da damina ma kara, wato kasuwar dabbobin, caɓi ne, kar ku sa takalmin gayu.