Haɗa keke daga tsohon firam: auna kafin ka saya

Firam ne yake yanke hukunci a kan duk abin da za ka ɗaura masa, don haka da shi ake farawa. Duba wuraren walda da kyau, musamman ƙarƙashin wuya, wato bututun gaba inda sitiyari ke shiga, da gindin bututun sirdi. In fenti ya tattare ko ya tsage a bayan wuya, keken ya taɓa yin karo, bar shi. Sai ka ɗaura zare daga bakin ƙafar baya, ka zagayo da shi ta wuya, ka dawo ɗaya gefen. Tazarar zaren da bututun sirdi ta zama ɗaya hagu da dama. In ta bambanta firam ya karkace, kuma keken zai riƙa ja gefe komai gyaran da ka yi.

A girman taya aka fi asarar kuɗi. Kada ka dogara da “26” ko “28” da mai shago zai faɗa maka, karanta lambar milimita da ke jikin tayar. Tsohon Raleigh da Phoenix masu birkin ƙarfe suna cin 28 x 1½, wato 635. Yawancin kekunan gwanjo na Turai su ma ana ce musu 28, amma 622 ne, kuma ɗaya ba ya hawa rim ɗin ɗaya. Haka 26: na keken hawan dutse 559 ne, 26 x 1⅜ kuwa 590. Auna kuma faɗin bakin da ƙafa ke shiga. Gaba yawanci milimita 100 ne, baya kuwa 126, 130 ko 135. Firam na ƙarfe yana jure a ɗan buɗa shi, na alminiyom tsagewa yake yi.

Boris a wanke shi da kananzir, a duba mazauninsa. In ya yi ramuka, sabon giris ba zai yi magani ba. Ƙafar gaba takan ɗauki ƙwaya 10 kowane gefe masu inci 3/16, ta baya 9 masu inci 1/4, gindin feda kuwa 11 masu 1/4 in ba a cikin keji suke ba. A ɗaure har girgiza ta ɓace, amma ƙafar ta juya sakayau. Matsewa fiye da kima ita ke cinye mazauni cikin 'yan watanni.

Sai maganar zaren noti, wadda ke lalata kaya a hannun sabon shiga. Fedar hagu juyin hagu take da shi, ana ɗaure ta ne ta inda ake kwance sauran notuna. Shafa giris, fara da yatsu, sai ta shiga zagaye uku ko huɗu kafin ka sa sifana mai lamba 15. Marfin dama na gindin feda shi ma juyin hagu ne a mafi yawan kekuna. Tsohon Raleigh ƙirar Nottingham yana da nasa zaren daban, zagaye 26 a kowane inci maimakon 24 da aka saba. Sabon marfi zai fara shiga kamar ya dace, sannan ya cije. In ka tilasta shi, ka kashe firam. Gara ka adana marafansa na asali, ko da sun tsufa.

Sarkar irin waɗannan kekuna iri biyu ce: mai faɗin inci 1/8 ta keke marar giya, da 3/32 ta mai giya biyar zuwa takwas. Tsohuwa kuma a auna ta da rula. Gaɓa 12 cikakku inci 12 ne daidai. In ta wuce da 1/16 a canja, in ta kai 1/8 to haƙoran baya ma sun ci, sabuwar sarka za ta riƙa tsalle a kansu.

Fenti ba wuya. A goge da sanfefa, a toshe ramukan zare da tsumma, a fesa siriri sau uku maimakon kauri sau ɗaya, kuma ban da ranar da hazo ya sauko.

Birki ne na ƙarshe. Robar ta zauna a jikin rim sosai, kada ta taɓa taya ko kaɗan, don goga ta kwana biyu ta isa ta yanke gefen tayar. In yana ƙara, a karkata robar yadda bakinta na gaba zai riga taɓa rim da kamar milimita ɗaya. Sabuwar wayar birki kuma takan saki bayan hawan farko, sai a sake ja.